Ranar da Mailafiya Ya Miƙe

Shekara arba'in da 'yan kai Alhaji Mailafiya da ƙaninsa Jibril ba sa ga maciji da juna. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a rumfa ɗaya suka koyi dukanci a Jakara, amma in ɗaurin aure ko jana'iza ta haɗa su, kowa sai ya nemi inuwarsa daban. Zuwaira, 'yar Mailafiya ta fari, a cikin wannan gaba ta tashi, a ciki ta yi aure ta hayayyafa, har ta zama shugabar wata makarantar firamare.

Mafarin abin ba ɓoyayye ba ne. Zuwaira na 'yar shekara bakwai mutanen unguwa suka tsayar da mahaifinta takarar majalisar jiha, domin baduku ne mai baki, ba ya shakkar faɗa wa babba gaskiya. Ya kuwa ci zaɓe. A shekararsa ta biyu sai aka zo da aikin faɗaɗa magudanar ruwa, zanen ya ratsa ta Lungun Tsamiya, gida goma sha ɗaya, ciki har da gidan gadonsu. Mutanen lungun ba su ta da hankali ba. Duk wanda ya tambaye su sai su ce ai muna da namu a ciki. Bayan wata uku aka rushe lungun, aka yanka musu filaye a bayan Ƙofar Dawanau, a lokacin wurin ba komai sai gonaki da kukan gyare. Shi Mailafiya tuni ya gina nasa a Mandawari, rusau bai taɓa shi ba. Jibril ne ya kwashi mahaifiyarsu Hajo ya koma can da ita. Tsohuwa ba ta cika wata biyar a sabon wuri ba ta rasu.

Ranar jana'izarta, an dawo daga maƙabarta ke nan, Jibril ya tsaya a gaban jama'a ya nuna yayansa da yatsa.

"Mun aike ka ka yi magana, ka je ka yi shiru. Ko sau ɗaya ba mu ji sunanka a rediyo ba."

Mailafiya ya ce, "Na yi magana. Yana rubuce."

"A ina yake rubuce? Me ka ce? Me aka ce maka?"

Mailafiya bai ƙara ko kalma ba. Daga ranar aka laƙaba masa Onarabul Shiru. Da wa'adinsa ya ƙare bai sake neman komai ba, ya koma rumfarsa ya ɗauki basilla ya ci gaba da ɗinka takalma da jakunkuna. A makaranta yara suka riƙa bin Zuwaira da waƙa. Wata rana, tana da shekara goma sha shida, ta kai masa abinci rumfa, wani ya wuce ya jefa sunan, sai zuciya ta kwashe ta ta ce, "Baba, da ka yi magana ai da an ji." Ya ɗago ya dube ta, ya mai da kai kan fatar da yake yanka. Ba su sake ta da zancen ba. Ita dai a ranta ta gama yanke hukunci: mutum ne nagari, amma a ranar da ake bukatarsa tsoro ya kama shi.

A daminar bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, yana da shekara tamanin da uku. Magana ta zama sai guntu-guntu, hankali kuma yau yana nan gobe ya tafi. Zuwaira ta ɗauki hutu ta dawo Mandawari jinya. Wata hantsi tana ba shi kunu da cokali, sai ya kama wuyan hannunta da hannun da ya rage masa, ya riƙe da wani ƙarfi da ba ta zaci yana da shi ba.

"Yana... rubuce," in ji shi.

"To, Baba. Sha kunun."

Ya kau da kai daga cokalin. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ya sake cewa, "Rubuce."

Ta ajiye kwanon. A nan ne wani tunani ya faɗo mata: shekara arba'in mutumin nan yana faɗin kalma ɗaya, kuma a duk dangi, da masu boko da marasa boko, babu wanda ya taɓa ɗaga ƙafa ya je ya duba. Ita kanta da take koya wa yara cewa kada su yarda da jita-jita ba ta je ba.

Washegari ta bar ƙanwarta a wurinsa ta hau adaidaita sahu zuwa majalisa. Aka ce ta rubuta takardar neman izini, ta rubuta. Bayan kwana biyu aka kai ta wani dogon ɗaki a ƙarshen gini, inda ake ajiye tsofaffin rahotannin zama. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne siriri mai tabarau, Malam Abdulbaqi, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Hajiya, kin san ranar?"

"Ban sani ba, Malam. Na dai san da damina ne, watanni kafin kakata ta rasu."

"To, za mu sha aiki. Amma in dai ya buɗe baki a zauren nan, yana nan. Masu rubutun wancan zamani ko tari mutum ya yi da nufi sai sun sa shi."

Ya hau tsani ya sauko da kundi shida masu koren bango, kowanne sai an sa hannu biyu. Takardun sun yi ja, an buga su da keken rubutu, wasu haruffan sun huda takardar saboda ƙarfin bugu. Ya ce ta riƙa juya shafi daga sama a hankali, kada ta sa yawu a yatsa.

Rana ta farko ta ga sunan mahaifinta a jerin waɗanda suka halarci zama, ta ji kamar ta gan shi da kansa ya shigo da ƙuruciyarsa. Ta ci gaba da karatu. Ga masu magana kan takin zamani, ga masu magana kan rijiyoyin burtsatse, wasu da Turanci wasu da Hausa, wani ya cika shafi huɗu a kan gadar ƙauyensu. Shi kuwa sunansa sai dai a jerin mahalarta. Rana ta biyu ta iske zaman da aka amince da aikin magudanar ruwan gaba ɗayansa. Ta bi shi layi-layi, sau biyu. Mutum tara ne suka yi magana. Babu Mailafiya.

Ta rufe kundin. Abin da ta ji ba mamaki ba ne, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da ta koma gida da la'asar ta tarar da shi yana barci, baki a karkace, sai ta tsaya a kansa tana tunanin ƙaryar da za ta yi masa in ya tambaya.

Rana ta uku ta je ne kawai don ta yi wa Malam Abdulbaqi godiya.

"Kin gama da wuri haka?"

"Na ga abin da na zo gani, Malam. Bai yi magana ba."

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ranar da aka amince da aiki kika duba. A ranar ai ba wanda ya san ta inda zanen zai bi. Ki duba makonnin da suka biyo baya, kuma kada ki tsaya a tsakiyar zama. Ki je ƙarshe, bayan an gama manyan batutuwa, inda ake ba mutum dama ya kawo abin gaggawa. A lokacin rabin kujeru sun zama wayam, 'yan jarida ma sun tattara sun tafi."

Suka ɗauki kundi ɗaiɗai. Ana gab da kiran azahar ta ji ya ce, "Hajiya." Sai ya turo mata kundin, yatsansa a ƙasan shafi. Zaman wata Alhamis ne, shafuka biyu na ƙarshe. Da Hausa ya yi magana, haka kuma aka rubuta:

"Ya mai girma shugaba, ni baduku ne, ban iya jawabi ba. Ba na ƙin aikin nan. Na ga abin da ruwa yake yi mana duk shekara. Abin da nake roƙo a karkata zanen taku arba'in zuwa gabas, inda akwai tsohon kududdufi da ba kowa a kai. Na auna da ƙafata sau uku. In an yi haka gida goma sha ɗaya za su tsira. Bari in faɗe su, don kada a ce lamba ce. Gidan Malam Ɗahiru mai allo, da makarantarsa. Gidan Auwalu majemi. Gidan Ikrima makaho, wanda yake zuwa masallaci ba ɗan jagora saboda ya san kowane dutse na lungun, in kun kai shi wani wuri kun makantar da shi karo na biyu."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane gida da abin da ya sani game da shi. Na ƙarshe ya ce:

"Sai gidanmu. Ba zan ɓoye ba, namu ne. Uwata tana ciki. Shekara hamsin tana kwana a ɗakin da mahaifinmu ya cika. Ƙanina Jibril shi ya yaɓe ɗakin da hannunsa bana, bai bar ni na taɓa ko kwando ɗaya ba, ya ce in tafi aikin jama'a shi zai riƙe gida. Jiya ta ce da ni in an fitar da ita daga ɗakin nan ba za ta ga wata damina ba."

A ƙarƙashin wannan mai rubutu ya sa a cikin baka: ɗan majalisar ya dakata na wani lokaci. Sannan aka rubuta cewa ya gabatar da ƙudirinsa ya zauna. Shugaba ya tambaya ko akwai mai goyon baya. Ya sake tambaya. Layi na gaba gajere ne: ba a samu mai goyon baya ba. Aka ɗage zama zuwa Litinin.

Zuwaira ta ɗago. "Malam, me wannan yake nufi?"

"Ƙa'ida ce. In mutum ya kawo ƙudiri, sai wani ya miƙe ya ce na goyi baya, sannan a tattauna. In ba wanda ya miƙe, magana ta mutu a nan. Ba muhawara, ba ƙuri'a. Kamar ba a yi ba." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Mutum ɗaya kawai yake bukata."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba ta yi kuka haka ba tun rasuwar mahaifiyarta. Malam Abdulbaqi ya ɗauke kundin daga gabanta don kada hawaye ya taɓa shi, ya fita ya bar ta. Da ya dawo yana riƙe da kwafin shafukan, an buga musu hatimi.

Ba ta nufi gida ba. Ta ce da mai adaidaita ya kai ta Ƙofar Dawanau. Wurin da ake kira daji a da yanzu gida ne a jikin gida, sai da ta yi tambaya sau biyu. Ta tarar da Baffa Jibril a kan tabarma a tsakar gida, gemu ya yi fari fat, ciwon yana ya rufe masa ido ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a daƙile, ya tambayi mai jiki ba tare da ya kama suna ba.

"Baffa, takarda na kawo. Daga majalisa."

"Takarda ai ba ta musu. Duk abin da aka zuba mata ɗauka take."

"Wannan tun kafin a rushe lungun aka rubuta ta. Ka bar ni in karanta, in na gama ka kore ni."

Ba ta jira izininsa ba. Ta fara. Da ta zo kan taku arba'in sai ya yi tsaki. Da ta zo kan Ikrima makaho sai carbin hannunsa ya tsaya. Da ta karanta inda aka ambaci yaɓen ɗaki, sai ya ɗaga mata hannu.

"Maimaita wurin."

Ta maimaita.

"Kwando ɗaya," in ji shi a hankali. "Haka na ce masa. Mu biyu ne a wurin." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ci gaba. Me suka ce masa?"

Ta karanta layin ƙarshe, ta yi masa bayani kamar yadda aka yi mata.

"To me ya hana shi faɗa, Baffa? Me ya sa bai ce muku ba wanda ya tashi ba?"

"Ni na sani," ya ce. "Ana jibi zai je, ya tara mu a gindin tsamiya ya bugi ƙirji ya ce yana da mutum ashirin a bayansa, duk sun yi masa alkawari. Aka yi ta guɗa. Ta yaya Mailafiya zai dawo ya ce ko mutum ɗaya bai samu ba? Gara masa a ce bai yi magana ba da a ce ya yi an watsa masa ƙasa a ido. Halin gidanmu ne. Ni ma ai da shi na zauna shekara arba'in." Ya lalubi sandarsa. "Miƙo min hulata."

Suka isa Mandawari bayan la'asar, hadari ya haɗu. A ƙofar ɗakin Jibril ya tsaya ya cire takalmi, ya yi sallama. Mailafiya yana jingine da matashi. Ya juyo ya ƙura wa farin gemun ido, sai fuskarsa ta canza, ya fara ƙoƙarin gyara zama kamar yaron da aka kama da laifi.

"Baba," in ji shi.

Zuwaira ta gane nan take. Duk wanda ya san kakanta Malam Mikail ya sha faɗa cewa Jibril ne ya ɗauko kamanninsa, tsufa kuma ya ƙarasa aikin.

"Yaya, ni ne. Jibril ne."

"Baba... ba wanda... ya tashi."

"Yaya, dube ni da kyau. Ƙaninka ne. Na ji takardar. Na zo ka yafe min."

Mailafiya ya girgiza kai, numfashinsa ya fara sama-sama. "Na auna... sau uku. Ba wanda ya tashi, Baba."

Jibril ya dubi Zuwaira. Sai ya matsa ya zauna a bakin katifa, ya ɗora hannu a kan yayansa, ya daidaita murya irin ta mahaifinsu.

"Na ji, Mailafiya. Ka yi abin da aka aike ka. Allah ya yi maka albarka."

Jikin mai jinya ya saki. Ya lumshe ido, har suka zaci barci ya yi. Can sai ya buɗe ya ce, "Jibril... yana fushi."

"Ya huce."

"Bai zo ba."

Jibril ya janye hannunsa daga kan yayansa. Ya tashi da ƙyar ya fita tsakar gida, ruwa ya fara sauka, ya tsaya a ciki har sai da Zuwaira ta je ta jawo shi.

Kwana tara Jibril ya yi a gidan. Shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala. Kullum da safe sai ya gwada: "Yaya, ka gane ni?" Kullum amsar ɗaya ce, Baba. Zuwaira ma ta karanta masa takardar sau biyu, ta ce, "Baba, na je na gani, ka yi magana," amma sai ya bi ta da kallon da ake yi wa baƙuwa mai kirki. Ranar Juma'a da hantsi Mailafiya ya cika, kansa a cinyar ƙaninsa.

Bayan addu'ar bakwai Jibril ya ce ba zai iya zama da takardar nan shi kaɗai ba, sai mutanen lungun sun ji. Suka fita tare da Zuwaira suna bin gidajen bayan Ƙofar Dawanau. Masu gida goma da aka ambata ban da nasu duk sun riga mu gidan gaskiya. Wasu 'ya'yan sun sayar sun tashi. A gidan Malam Ɗahiru suka sami jika, ya saurara cikin ladabi yana satar kallon wayarsa, a ƙarshe ya tambaya wai a wace unguwa Lungun Tsamiyar yake.

Mutum ɗaya suka samu da ta san zancen, Aminat matar Auwalu majemi, ta haura casa'in, tana zaune a kan buzu tana ɓare gyaɗa da yatsun da suka ƙandare. Zuwaira ta matsa kusa da kunnenta ta karanta da ƙarfi. Da aka zo kan sunan mijinta tsohuwar ta yi murmushi. Da aka gama ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Allah sarki, Mailafiya," in ji ta. "Ni dai na yafe masa tuntuni, ashe ma ba abin yafewa. Amma maigidana har ya koma ga Allah in an ambaci sunan Mailafiya sai ya tofar da yawu. To shi yanzu wa zai je ya gaya masa?"

Ta ɗebi gyaɗa ta zuba wa Zuwaira a tafin hannu, ta ce a gaida yara. Suka yi mata sallama suka fito. Hanya duk taɓo ce, Baffa ba ya gani sosai, Zuwaira ta riƙe masa hannu suka bi gefen katanga a hankali har bakin titi.